Asibitin kwana uku: sharhi kan aikin duba marasa lafiya kyauta

Fasalin aikin kusan ɗaya ne duk inda aka je. Wata ƙungiya ko wani mai hali ya ɗauki nauyi, a yi shela, a kafa rumfuna a filin makaranta ko harabar wani ƙaramin asibiti. Likitoci da nas-nas da masu ba da magani su zauna kwana ɗaya zuwa uku suna duba duk wanda ya zo ba tare da ya biya komai ba, a yi wa jama'a jawabi kan tsafta da rigakafi, a ɗauki hotuna, a naɗe rumfuna a tafi. Ga mutumin da asibiti ya yi masa nisa, ko kuɗin kati kaɗai ya isa ya hana shi zuwa, wannan babban abu ne, kuma ba za mu raina shi ba.

Amma kasancewar abu kyauta ba ya hana a auna ingancinsa. Hukuncinmu a kansa shi ne: aikin yana cin nasara sosai a cututtukan da maganinsu ke ƙarewa a zama ɗaya ko cikin 'yan kwanaki, yana kuma faɗuwa warwas a cututtukan da ke buƙatar a dawo wata bayan wata, sai fa in an ɗaura shi a jikin wani asibiti da ba ya tashi. Yawancin masu shirya shi sun fi kashe kuɗinsu da lokacinsu a ɓangaren da yake faɗuwa.

A bakin ƙofa ake gane hannun waɗanda suka shirya. Inda babu gwaninta, za ka ga ana raba lamba, wanda ya riga zuwa shi zai riga shiga. Kamar adalci ne, amma ba tsarin asibiti ba ne, domin mai ƙarfin sammako da tsayuwa a rana ba shi ne ya fi jin jiki ba. Inda aka san aiki, nas guda ba ta da wani aiki sai zagaya layi duk bayan rabin sa'a tana tsamo waɗanda ba za su iya jira ba: yaron da ya kasa kama nono ko shan ruwa, wanda ke amayar da duk abin da aka ba shi, wanda ya yi jijjiga, wanda ya galabaita har ba ya farkawa sosai, mai cikin da ke zubar da jini ko take kukan matsanancin ciwon kai, da babban da ke riƙe da ƙirji yana haki. Waɗannan ba sa bin layi, kuma yawancinsu ma ba na rumfa ba ne, na mota ne zuwa babban asibiti. Don haka abin tambaya tun farko shi ne ko akwai mota a tsaye da mai a tankinta da direba a kusa, kuma ko asibitin da za a kai su ya san da zuwan aikin. In babu, duk sauran shirin ado ne.

Sai lissafin kawuna. Masu shiryawa na son faɗin cewa an duba mutum dubu kaza, amma wannan adadin shi ne sau da yawa shaidar rashin inganci. Ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji ke aiki da su a lokutan bala'i, sun ce kada a riƙa ɗora wa mai duba marasa lafiya guda fiye da mutum 50 a rana. Sa'a takwas minti 480 ne. A raba wa mutum 50, kowa ya samu kusan minti goma. A raba wa 200, kowa bai kai minti biyu da rabi ba. A cikin wannan lokaci ba a tambayar tarihi, ba a taɓa ciki, ba a sa abin sauraro a ƙirji. Abin da ke faruwa shi ne mara lafiya ya faɗi inda ke masa ciwo, likita ya rubuta maganin ciwo da na ƙarin jini da wani maganin ƙwayoyin cuta, na gaba ya matso. Likitoci huɗu na kwana uku, mutum 600 ne gejinsu. Duk wanda ya yi shelar dubu uku da likitoci huɗu ya riga ya faɗi irin dubawar da za a yi.

Teburin yara shi ne inda aikin ya fi biyan kuɗinsa, domin kayan aikinsa ba su da tsada kuma sakamakonsa nan take ne. Sai dai komai a nan ya rataya ne a kan sikeli. Maganin yara da nauyi ake ba da shi, ba da shekaru ba, balle da ido. Farasitamol miligiram 10 zuwa 15 ne a kowane kilo, ba fiye da sau huɗu a rana ba. Yaro mai kilo 10 zai sha kamar mililita 6 na ruwan maganin da ke da miligiram 120 a kowace mililita 5. In aka ce wa uwa “cokali ɗaya” aka sallame ta ba tare da murfin awo ko sirinji marar allura ba, an bar adadin a hannun cokalin gidanta, kuma cokula ba girmansu ɗaya ba.

Zaren awon dantse na gano tamowa cikin daƙiƙoƙi a yara daga wata 6 zuwa 59. Ana ɗaura shi a tsakiyar dantsen hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun na sake, ba a matse ba a kuma bar shi sakwa-sakwa. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani ke nan, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya ne. Abin da ake yawan mantawa shi ne danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. In ramin ya zauna a duka ƙafafun, yaron na cikin tamowa mai tsanani ko da zaren ya nuna kore, domin kumburi na ɓoye rama. Kuskuren da ya fi wannan shi ne a miƙa wa uwa 'yan ledojin abincin jinyar tamowa a ce an yi magani. Kowace leda giram 92 ce, tana ɗauke da kalori 500, kuma jinyar kan ɗauki makonni shida zuwa takwas ana sake awo lokaci-lokaci. Leda goma ba jinya ba ce. Abin da rumfa za ta iya yi shi ne ta gano yaron, ta gwada ko yana iya ci, ta sa sunansa a cibiyar da ke kula da tamowa, wanda ya kasa ci kuwa a kai shi gado.

Ƙirga numfashi ma haka: cikakken minti ɗaya, yaro na kwance ba ya kuka. Numfashi 50 ko fiye a yaro mai wata 2 zuwa 11, ko 40 ko fiye a mai shekara 1 zuwa ƙasa da 5, tare da tari, shi ke nuna ciwon nimoniya da ke buƙatar amoksisilin. Wanda bai kai haka ba, ƙasan ƙirjinsa ba ya loɓawa in ya ja numfashi, kuma ba shi da wata alamar haɗari, mura ce, ba ta buƙatar maganin ƙwayoyin cuta. A rumfar da babu agogo a teburin yara, kowane mai tari da amoksisilin yake fita, kuma ta haka ake koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Ƙwayar amoksisilin mai narkewa a ruwa ta fi garin da ake haɗawa a kwalba dacewa da wannan aiki, domin na kwalba da zarar an zuba masa ruwa kwanakinsa ƙididdigaggu ne, kuma ya fi son firji.

A wuraren da ake fama da zazzaɓin cizon sauro, ɗan gwajin nan na ɗigon jini ya sauya aikin gaba ɗaya. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani. Gwajin mai sauƙi ne, shi ya sa ake wasa da shi. In jinin ya yi yawa sai ya rufe layin. In aka yi amfani da ruwan gwajin wani kamfani a na wani, ko aka maye shi da ruwan famfo, sakamakon banza ne. In layin tabbatarwa bai fito ba, gwajin ya lalace ko da ɗaya layin ya fito. Ana karantawa a minti 15 zuwa 20 gwargwadon abin da takardar kamfani ta ce, don haka dole a rubuta suna da lokaci a jikin kowane ɗaya. Teburin da aka jera gwaje-gwaje talatin babu rubutu, a dawo bayan sa'a guda ana karantawa, caca ake yi. Kwalin da ya yini a bayan mota cikin zafin rana shi ma abin tuhuma ne. A kuma tuna gwajin na iya ci gaba da nuna akwai cuta makonni bayan an warke, don haka sai an tambayi ko yaron ya sha magani kwanan nan.

Maganin da aka fi bayarwa, haɗin atemeta da lumefantirin wanda mutane da yawa suka sani da Coartem, sha shida ne cikin kwana uku: na farko nan take, na biyu bayan sa'a takwas, sannan safe da yamma na kwana biyu. Ƙwaya ɗaya a kowane sha ga mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15, biyu ga mai kilo 15 zuwa ƙasa da 25, uku ga mai 25 zuwa ƙasa da 35, huɗu daga 35 zuwa sama. Jiki ya fi karɓarsa in an sha da nono ko abinci mai maiƙo. Rumfar kirki kan ba da shan farko a gabanta, ta ajiye yaron rabin sa'a, in ya amayar a sake.

Maganin tsutsar ciki da bitamin A ba sa buƙatar dogon bayani, kuma su ne ainihin irin abin da ya dace da aikin rana ɗaya. Albendazol miligiram 400 ne, rabi ga yaro mai wata 12 zuwa 23, ba a kuma ba mai ciki a watanni ukun farko. Ga ƙananan yara a niƙe ƙwayar a jiƙa, kada a danne yaro yana kuka a cusa masa, domin ƙwayar na iya sarƙe shi. Bitamin A shuɗin ƙwanso na mai wata 6 zuwa 11 ne, ja na mai wata 12 zuwa 59, kuma a duba katin yaro kada a ninka masa abin da aka ba shi makon jiya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Layin awon hawan jini da sukari shi ne ya fi kowane tsawo, shi ne kuma ya fi samar da adadin da ake sa wa a rahoto. Mutum ya taka tafiya mai nisa, ya tsaya a rana, fitsari ya matse shi, ya zauna ana ɗaura masa abin awo a kan hannun riga yana amsa tambayoyi, hannunsa na reto. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan na ɗaga awo. Ƙa'ida ita ce ya zauna minti biyar ya huta, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa ba a harɗe ba, hannunsa a kan tebur daidai da zuciya, ba ya magana, a auna sau biyu da tazarar minti ɗaya ko biyu. Girman maɗaurin ma na da tasiri: ƙaramin maɗauri a kaurin dantse na ba da awon da ya fi na gaskiya, kuma yawancin rumfuna da maɗauri ɗaya suke auna kowa. Bayan duk wannan, 140 bisa 90 a rana ɗaya bai isa a ce mutum na da hawan jini ba. Sai an sake samun haka a wata rana daban. Wanda awonsa ya kai 180 bisa 120 yana kuma ciwon ƙirji, ko ganinsa ya dushe, ko bakinsa ya karkace, wannan na mota ne.

To a ce ma an auna daidai, cutar ta tabbata. Sai a ba shi amlodifin na kwana 14 ko 30. Mutumin ya saba da cewa in ka shanye magani ka warke, don haka da kwalin ya ƙare sai ya ɗauka an gama. Jinin ya koma inda yake cikin 'yan kwanaki, shi kuma yana zaune da tabbacin likita ya riga ya yi masa magani. An gudu ba a tsira ba. Akwai ma wanda ya fi wannan haɗari: a ba mace maganin hawan jini lisinofiril ba a tambaye ta ko tana da ciki ba, alhali yana cutar da ɗan tayi, ko a fara wa tsoho maganin sukari gilibenkilamid, ya sha bai ci abinci ba, sukarinsa ya faɗi cikin dare babu mai aunawa, ko a ba da metfomin, shi ma na sukari, ba tare da an san halin ƙoda ba.

Awon sukarin kansa na da nasa tarkon. A na'urar da ke ƙirga da milimol, ma'aunin ciwon sukari shi ne 7.0 ko fiye in mutum bai ci komai ba na sa'a takwas, ko 11.1 ko fiye a kowane lokaci tare da alamomi irin su yawan fitsari da ƙishirwa da rama. A na'urar da ke ƙirga da miligiram, waɗannan su ne 126 da 200. Ana ninkawa ne da 18. In an kawo na'urori iri biyu daga wurare daban, aka kuma rubuta lamba tsirara a kati ba ma'auni, wanda zai karanta daga baya ba zai san me ake nufi ba. Yatsan da ya taɓa abu mai zaƙi ba a wanke ba na ɗaga awo, haka tsinken gwajin da aka bar gwangwaninsa a buɗe ya sha iska.

Ba muna cewa a daina awon ba ne. Hawan jini ba ya sallama, mutane da yawa ba su san suna da shi ba sai ya buge su, don haka gano shi alheri ne. Amma aikin rumfa a nan ganowa ne da miƙawa. Tsarin da ke aiki shi ne a sa ma'aikacin asibitin unguwar ya zauna a teburin tun ranar farko, rajistar ta zama tasa, a ba mara lafiya ranar dawowa a rubuce cikin mako biyu, kuma maganin da aka tanada na masu hawan jini a bar shi a asibitin ana bayarwa wata-wata maimakon a rabar da shi a yini uku. A kuma zaɓi maganin da ake samu a yankin da arha, ba wani sabon samfuri da aka samo gudummawa wanda in ya ƙare babu inda za a same shi ba. Taron Alma-Ata na 1978 kan kiwon lafiya a matakin farko ya ɗora ginin ne a kan kulawar da ke kusa da mutane kuma suke da hannu a cikinta, kuma a wannan teburi ne ake ganin dalili.

Ɗakin magani na da nasa labarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin ba da gudummawar magunguna tun 1996, ta sabunta su a 1999 da 2010. Daga cikinsu: magani ya kasance da sauran aƙalla shekara ɗaya kafin wa'adinsa ya cika lokacin da ya iso, kada a kawo ragowar da marasa lafiya suka mayar ko samfurin talla da aka ba likitoci, kuma rubutun jikinsa ya kasance da harshen da ma'aikatan wurin ke karantawa. Ana karya waɗannan kullum, galibi da kyakkyawar niyya. Illar ita ce likita ya koma rubuta abin da ke cikin kwali, ba abin da mara lafiya ke buƙata ba. Sayen magani mai arha daga dillalin da ba a san shi ba ma kasada ce. A 2017 hukumar ta ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marasa inganci. A sayo daga dillali mai rajista, a rubuta lambar rukunin kowane kwali.

Sai yadda ake miƙa maganin. Ledoji huɗu na fararen ƙwayoyi masu kama da juna, babu suna, an yi musu 1-1-1 da biro, ga mutumin da ba ya karatu. Gyaran ba shi da wuya: sunan magani da na mara lafiya a kowace leda, zanen rana da wata don safe da dare, sannan mai ba da magani ya ce wa mutumin ya maimaita masa yadda zai sha. A nan ne kuma ya kamata a tare diklofenak da ibufurofen kafin su isa hannun mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini ko mai tsohon ciki. Su ne aka fi rabawa saboda kowa na kukan ciwon jiki. Allura kuwa, mutane na son ta don suna ganin ta fi ƙarfi, amma da wuya a sami abin da ƙwaya ba za ta yi ba a irin wannan wuri. Rumfar da ake yi wa kowa allura tana faranta rai ne kawai, tana kuma tara sirinjin da ba ta san inda za ta kai ba.

Ɓangaren ido ya cancanci yabo. Daga wajen shekara 40 gani na kusa ke raguwa, kuma tabarau na karatu mai ƙarfin +1.00 zuwa +3.00 na mayar wa tela ko mai karatu aikinsa cikin minti biyar. Da wuya a sami abin da ya fi shi riba a duk filin. Aikin yanar ido ma na dawo da gani, amma da sharaɗi. Dole a duba idon washegari, a sake cikin mako, a sake bayan makonni huɗu zuwa shida. Mugun ruɓewar cikin ido kan bayyana ne a kwanakin farko, da zafi da ja da raguwar gani, kuma sa'o'i ne tsakanin ceto idon da rasa shi. Tawagar da ta yi aiki ranar Asabar ta tashi Lahadi ba ta bar likitan ido da lambar waya ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Haka maganin ɗigawa mai ɗauke da sitiroyid: ba a ba duk mai jan ido, domin yana ƙara ɓata gyambon baƙin ido, yana kuma iya ɗaga hawan jinin ido in an daɗe ana sa shi. Tiyatar ƙaba da gwaiwa hukuncinsu ɗaya da na ido. A tambayi wa zai cire zare bayan kwana bakwai zuwa goma, kuma a tambayi yadda ake tsaftace kayan fiɗa tsakanin mutum da mutum. Tukunyar turara kaya na buƙatar digiri 121 na minti 20 ga kayan da ba a naɗe ba, 30 ga naɗaɗɗu, ban da lokacin ɗumama da hucewa. Mai saiti uku da ya ce zai yi wa mutum arba'in a yini, lissafinsa bai fita ba.

Allurar rigakafi gara a bar ta a hannun ma'aikatan rigakafin yankin su zo da akwatinsu. Ana ajiye ta tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma daskarewa na lalata wasu, irin ta cututtuka biyar da ta ciwon hanta, kamar yadda zafi ke lalata wasu. Shi ya sa ake barin ƙanƙarar akwati ta fara narkewa kafin a jera kwalabe. Ta ƙyanda da ta BCG, wato ta tarin fuka, in an haɗa kowace da ruwanta, bayan sa'a shida zubarwa ake yi. Duk allurar da ba a rubuta a katin yaro ba kamar ba a yi ta ba ce.

Wayar da kai ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali ita kaɗai ce ke zama bayan an tafi. Yadda aka saba: mutum ɗaya da lasifika, minti arba'in, batutuwa goma sha biyu, jama'a kuma hankalinsu na kan kada a tsallake lambarsu. Ba abin da ke shiga. Wanda ke aiki shi ne rukuni na mutum 10 zuwa 15, minti goma, saƙo bai wuce uku ba, da harshen da mutanen ke yi a gida, kuma da hannu ake koyarwa. Misali ruwan gishiri da sukari na gudawa. Kada a faɗa, a haɗa: ga kwalba mai lita ɗaya, ga tsaftataccen ruwa, ga leda ɗaya ta garin gaba ɗayanta, sannan a miƙa wa ɗaya daga cikin iyayen ta haɗa nata kowa na kallo. A nan za a ga kurakuran da gaske ake yi, kamar zuba leda guda a kofi ɗaya, wanda ke sa gishirin ya yi yawa har ya cutar da yaro, ko raba ledar biyu don tattali. Yaro ƙasa da shekara biyu na shan mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa, mai shekara biyu zuwa goma 100 zuwa 200, kaɗan-kaɗan da cokali. In ya yi amai a jira minti goma a ci gaba. Abin da ya kwana sa'a 24 a zubar. Inda babu leda, ƙaramin cokali shida a shafe na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Ƙwayar zink kuma miligiram 20 ce kullum na kwana 10 zuwa 14, miligiram 10 ga jariri ƙasa da wata shida, kuma ana ci gaba ko gudawar ta tsaya. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce aka fi mantawa.

Sauran saƙonnin da suka cancanci minti goman ba su da yawa: alamomin haɗari a yaro da mai ciki da inda za a nufa in an gan su, nono zalla na wata shida, tarin da ya kai mako biyu a je gwajin tarin fuka, da cewa hawan jini da sukari ana riƙe su ne ba a warkewa. In an raba gidan sauro mai magani, a nuna yadda ake shanya shi a inuwa na yini guda kafin a fara kwana a ciki, da yadda ake cusa gefensa ƙarƙashin shimfiɗa. Gara kuma wanda zai koyar ya zama ɗan unguwar da aka horar, domin shi za a tambaya bayan wata uku in an manta. Ba a auna wannan ɓangare da yawan waɗanda suka saurara. A tsayar da mutum goma a hanyar fita a ce su faɗi abin da suka ji.

Mutunci ma na cikin inganci. Teburin likita da mutum biyar ke tsaye a kansa ba wurin da mace za ta faɗi ciwon mara ba ne, don haka ta ce kanta ke ciwo, a ba ta farasitamol. Labule da tazarar taku biyar na gyara wannan. Gwajin cutar ƙanjamau da na ciwon hanta kada a fara su in babu keɓantaccen wuri, da yardar mai jini, da hanyar tabbatarwa, domin gwaji ɗaya da ya nuna alama ba hukunci ba ne. Hoto kuwa, talauci bai cire wa mutum haƙƙin a tambaye shi ba, kuma wanda ke jiran magani a hannunka ba zai iya ce maka a'a cikin sauƙi ba.

Bayan an tashi, a duba filin. Allura na shiga akwatin kwali na musamman nan take ba tare da an mayar mata da murfi ba, a rufe akwatin in ya kai kashi uku cikin huɗu, a tafi da shi inda ake ƙonawa. Ma'aikacin da allura ta soka na da sa'a 72 ya fara maganin kariya daga ƙanjamau, na kwana 28, don haka ya kamata maganin ya kasance a jakar tawagar. Filin makaranta ne sau da yawa, kuma yara za su dawo ranar Litinin.

Ga mai shirin zuwa a duba shi, ya tafi da duk magungunan da yake sha a kwalayensu, da katin rigakafin yara, da katin awon ciki. Mace ta faɗi in tana da ciki ko tana shayarwa ko ba a tambaye ta ba. Kada ya bar wurin sai da takarda a hannunsa mai ɗauke da awon da aka yi masa da lambobinsa da ma'auninsu, sunan kowane magani da ƙarfinsa da kwanakin sha, da sunan asibitin da zai je da ranar zuwa. In an ce masa “ka je babban asibiti” da baki kawai, ya koma teburin ya ce a rubuta masa dalilin, da sa hannu da kwanan wata.